Rumbun Baba a Kan Takarda

Ranar da na fara shiga ajin nan, wallahi na ɗauka ɓatan hanya na yi. Ni zanen gine-gine aka turo ni in koya a Amurka, a shekarun nan da kuɗin man fetur ya ɓarke, ana kwasar 'yan makaranta ana watsa su ƙasashen waje. Sai a shekarata ta uku aka ce cikin darussanmu har da wani sabo: koya wa kwamfuta ta zana abu mai tsawo da faɗi da kauri, ta kuma juya shi ana kallo. Ni da ko rediyo ban taɓa mallaka ba sai da na gama sakandare!

Malaminmu wani dogon Bature ne mai gemu, in yana magana sai ka ce tsakuwa ake zubawa a kwano. Ya ɗauko kwali ya dire a kan tebur, ya ce kwamfuta ba ta san kwali ba, ba ta san komai ba sai lamba. Kowace kusurwa ta kwalin nan lamba uku gare ta: nisanta zuwa dama, nisanta zuwa sama, da nisanta zuwa ciki. Ka ba ta lambobin, ka gaya mata wace kusurwa ke haɗe da wace, sai ta ja layi a tsakani. In kana son abin ya motsa, ka karkata shi kaɗan ta sake zanawa, ka ƙara karkatawa ta sake, har hoto ashirin da huɗu kafin ka sami motsin sakan ɗaya tak. 'Yan aji suna ta gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don kada a gane ni.

Su kuma lambobin ba da baki ake gaya mata ba. A jikin kati ake huda su, layi ɗaya kati ɗaya, ka jera katunan bi da bi ka kai wata taga. Ita kwamfutar ma ba mu cika ganinta ba, tana can bayan gilashi a ɗaki mai sanyi. Wata dattijuwa ce a tagar, Misis Dora, ita ke karɓa. Sai washegari ka dawo ka ga sakamako. Huda ɗaya ta kuskure, shi ke nan, a miƙo maka kayanka da 'yar takarda mai cewa ba ta gane ba. Mako biyu na yi kafin kwalina ya fito kwali. Na farko da ta zana mini, kamar jaki ya taka shi.

Babana magini ne a Riko, nan ƙasar Jibiya. Mamman Magini ake ce masa, kuma rumbu yake ginawa, ba ɗaki ba. Tun ina ɗan shekara bakwai nake kwaɓa masa ƙasa. Bai hana ni boko ba, amma bai taɓa gane abin da nake nema a ciki ba. Duk wasiƙar da hedimasta ya rubuto a madadinsa, bayan gaisuwa da labarin damina, da magana ɗaya take ƙarewa: "Mi kake koyo can? Ka taho da shi in gani." Shekara biyu ina kewaye-kewaye. Me zan ce masa? Ina huda takarda? Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ba abin da nake so a duniya kamar in ajiye wani abu a gaban tsohon nan, ya duba da idonsa, ya san ba yawon banza na tafi ba.

Shi ya sa da Malam ya ce kowa ya zaɓi abin da zai gina a kwamfuta ya juya shi, ban yi dogon tunani ba. Wasu suka zaɓi mota, wasu jirgin sama. Na ce ni rumbu. Malam ya ce mene ne shi? Na zana masa a allo. Ya tsaya yana shafa gemu, sannan ya ce na yi sa'a, abu mai kewaye irin wannan gefe ɗaya kawai ake aunawa, sai kwamfuta ta zagaya da shi ta fitar da sauran. Na ce a raina, ashe ita ma yadda Baba ke yi take yi, tana bin kewaye tana hawa.

Na roƙi yumɓu a sashen masu ginin tukwane, na kai ɗakina na gina ɗan ƙaramin rumbu, irin na tsakar gidanmu sak: duwatsu tara a ƙarƙashi, ciki ya buɗe kamar tulu, wuya ya tsuke, har da ɗan karkacen nan na gefen gabas da Baba ke cewa ruwan bazara ya riske shi yana ɗanye. Ina gamawa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. A waje dusar ƙanƙara ke zuba, ba kowa a gari da ya san sunan uwata. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa. Da na share ido na ɗauko rula na fara awo.

Wata biyu ina hudar kati, har suka cika kwalin takalmi. Wata safiya ina sauri in kai taga, santsin ƙanƙara ya kwashe ni a ƙofar ginin. Na tafi sama, kwali ya tafi sama, katunan suka watse a tsakar hanya. Jama'a na wucewa, wasu na tsallakewa, wani ma ya ce "sannu" da Turancinsu bai ko tsaya ba. Katin nan kuwa in jerinsa ya rikice, aikin ya mutu. Ina durƙushe ina tsinta, hannuna ya ƙage, sai ga Misis Dora ta fito ba ko rigar sanyi. Ta tattara tare da ni, ta kai ni wani ɗaki, muka baza su a kan tebur. Kwana uku tana ba ni lokacin cin abincinta muna jerawa. Da muka gama ta ɗauki jan alƙalami ta ja layi a karkace a bayan katunan, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce gobe in sun zube, layin zai nuna mini mazaunin kowane. Ta ce, "Kowa sai ya zubar sau ɗaya, ɗana." Har yau ina yi wa matar nan fatan alheri.

Rumbu dai ya fito. Akwai wata na'ura mai hannun ƙarfe riƙe da alƙalami, ita ke zana wa kwamfuta a kan takarda. Na tsaya ina kallo tana jan layi, tana jan layi, sai ga rumbun Baba ya tashi, har da karkacen da na auna daban. Sai dai da matsala. Layi ne zalla, kamar an saƙa shi da waya. Kana kallon gabansa kana hango bayansa, kana ganin cikinsa fayau. Malam ya ce haka kowa ke farawa. Koya wa kwamfuta ta ɓoye abin da ke baya shi ne babban aiki, kuma sai zango mai zuwa za mu kai wurin.

Ban iya haƙuri ba. Akwai wani ɗan ajinmu, Geri, yaro mai kai amma malalaci, wanda ya ce shi ya riga ya haɗa katunan da ke ɓoye baya. Ya ce in na auna masa jirginsa na huda masa, zai ara mini. Na yarda. Mako uku ina bautar jirgin Geri, na bar nawa aikin. Ranar da ya miƙo mini katunan yana ta murmushi, na kai taga da rawar jiki. Washegari aka dawo mini da su: ba ta gane ba. Na sake kaiwa, haka. Misis Dora ta duba ta girgiza kai, ta ce waɗannan ai tarkacen wani tsohon aiki ne, ba su da alaƙa da zane. Na nemi Geri, ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila ni na rikita su. Wa zan kai wa ƙara? Da wane Turancin? Na haɗiye abina.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo, wannan karon ba da muryar Baba ba. Hedimasta da kansa ya rubuta: ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon, in akwai hali in zo. Hutu kwana goma sha biyu gare mu. Na sa na'urar ta zana mini rumbun sau arba'in da takwas, kowane ya ɗan fi na baya juyawa, na yanke takardun daidai, na ɗinke gefe ɗaya da zare. In ka kama da babban yatsa ka saki suna karkaɗawa, sai ka ga rumbu yana juyi. Na ce ko ba yaɓe, wannan ya isa ya gani.

Jirgin Kano ba wuri, alhazai da 'yan kasuwa sun cinye. Da ƙyar na sami na Yamai. Daga can na hau wata kamyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da albasa zuwa Maraɗi, kwana biyu muna tafiya muna tsayawa, ina rungume da jakar takardun a ƙirji. Daga Maraɗi wata akori-kura ta kawo mu Ɗan Isa, 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, suka leƙa jakata suka ce in wuce. Da hantsi muka iso iyakar Jibiya. Na sauko na shaƙi iskar gida, na ji ana ciniki da irin Hausarmu, na ce alhamdu lillahi, kafin azahar ina gaban Baba.

Ina! Wani saje ne a bakin shingen, mutum mai nauyin jiki da jan ido. Ya zazzage jakata, ya wuce turare da agogon da na sayo, hannunsa ya sauka a kan takardun. Ya buɗa, ya juya, ya ga layuka da lambobi a gefe.

"Wannan fa?"

"Rumbu ne, ranka ya daɗe. Aikin makaranta."

"Rumbu? Ni za ka gaya wa rumbu? A gidanmu ba rumbu?" Ya kira abokin aikinsa. Wannan ya ce tankin mai ne, wancan ya ce ya fi kama da bom. Lokacin mulkin soja ne, kowa a tsorace yake, kuma gaskiya sajen ba mugu ba ne, gudun laifi yake yi. Ya ce duk takarda mai zane da lamba da ta shigo daga waje, ita da mai ita sai Katsina, manya su duba. Motar da za ta kai ni kuma sai jibi.

Na yi magiya. Na ce ubana na kwance a Riko, ga ta can, tafiyar jaki. Na nuna katin makaranta, ya ce ba da shi yake magana ba. Na kama takardun na karkaɗa masa, rumbu ya juya. Nan fa wuri ya yamutse! Direbobi, 'yan kamasho, masu goro, fatake masu jiran a buɗe musu, duk suka yo kaina. "Sake mu gani!" "La ilaha illallahu, shina motsi!" Sajen ya ƙara tsorata. Ni kuma don in fid da kaina sai na shiga zuba, bakina ya fi hankalina sauri. Na ce wannan rumbun ubana ne na tsakar gida, ba ƙari ba ragi. Na ce na'urar Turawa ba ta san ƙarya ba, awo take bi, abin da ke akwai shi take zanawa. Na maimaita ya fi sau biyar, da ƙarfi, kowa na ji.

Sajen ya ce, "To, in mai rumbun ya zo ya shaida, ka tafi."

A kan benci na wuni na kwana. Da safe wata mai fura ta sauke ƙwaryarta kusa da ni, ta ƙura mini ido. "Kai, ba Sada ba ne na Mamman Magini? Ikon Allah! Mi ya zaunar da kai nan kamar ɓarawon shanu?" Gwaggo Habi ce, maƙwabciyarmu. Ta dama mini fura ta ƙi karɓar ko kwabo. Na gaya mata abin da ake ciki, na roƙe ta ta turo mai unguwa ko hedimasta, kada ta bari Baba ya ji. Ta ce to. Ashe kai tsaye wurinsa ta nufa.

Bayan azahar na hango jaki tafe, Gwaggo Habi na riƙe da igiya. Ban gane mutumin da ke kai ba sai da suka matso. Baba ne, ya zube, wuyansa kamar sillen kara, rawani ya yi masa yawa. Na ruga na durƙusa. Ya dafa kaina, yana numfashi da ƙyar, ya ce, "Tashi, Sada. Ina abin?"

Aka shimfiɗa masa buhu a inuwar shingen. Jama'ar jiya suka sake taruwa, har da mutanen Riko da Gangara da suka zo cin kasuwa, waɗanda suka san shi sarai. Sajen ya miƙa masa takardun. Na karkaɗa. Baba ya kalla, ya ce in sake. Na sake. Ya sa yatsa yana ƙirga duwatsun ƙasa, ya bi wuyan, ya tsaya a kan karkacen gabas. Na ga gefen bakinsa ya motsa, zuciyata ta yi fari. Shekara uku ina jiran wannan.

Sai wani ɗan kamasho ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Af! To ai wanga rumbu ba komi ciki. Ku duba, ko zangarniya guda babu!"

Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. Wani ya ce a hankali, "Kuma yaron ya ce na'urar ba ta ƙarya."

A nan ne abin ya faɗo mini. A wajenmu ba a leƙa rumbun magidanci. Matarsa ba ta leƙawa, ɗansa ba ya leƙawa, shi kaɗai ke hawa ya fiddo dami ya rufe. Abin da ke ciki tsakaninsa da Ubangijinsa ne, shi ne rufin asirin gida. Na san wannan tun ina yaro. Amma na yi wata da watanni ina kallon layukan nan a matsayin darasin da ban kai ba, ban taɓa kallonsu da idon mutumin Riko ba. Ga shi na ɗauko rumbun ubana na buɗe shi a bakin iyaka, gaban fataken ƙasa biyu.

Sajen ya tsuguna ya ce, "Baba, ɗanka ya ce wannan rumbunka ne, yadda yake ba ƙari ba ragi. In haka ne ya bi ka gida. In ba haka ba ne, Katsina za shi. Naka ne?"

Na yi wuf na ce, "Ranka ya daɗe, hatsin ne ban sa ba, ba a koya mana..."

"Yi shiru, Sada," in ji Baba.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ni da nake ganin amsar mai sauƙi ce, kawai ya ce nasa ne amma a cike yake, na rasa abin da ya riƙe shi. Gwaggo Habi ta sunkuyar da kai tana wasa da ludayi.

"Nawa ne," in ji Baba. Ya yi tari, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Kuma haka yake. Ba komi ciki. Ku ba ni ɗana."

 Sajen ya tattara takardun da hannu biyu ya miƙo mini, bai iya haɗa ido da ni ba. Mutanen Riko suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da abin da ya zo saye.

A hanya ni na ja jakin. Gwaggo Habi ce ta matso ta gaya mini ƙasa-ƙasa. Damina biyu ke nan Baba bai noma abin kirki ba. Ƙarfi ya ƙare, samarin da ke zuwa gayya duk sun tafi Legas da Kano neman kuɗin mai. Wani tsohon abokinsa a ƙauyen Kusa ke ba shi dami ɗaya-ɗaya, ya jefa a rumbu, washegari ya hau ya fiddo a gaban iyali kamar daga cikin tari ya zaro. Duk shekara kuma sai ya sake wa rumbun yaɓe ya ɗora sabuwar jinka, har ana misali da shi a gari. Ita ma don katangarsu ɗaya ne ta sani, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wallahi na'urar ba ta ga komai ba. Ni ne ban iya rufewa ba."

Muka wuce wata fadama. Sannan ya ce, "Shekara ukku, ba su kai ku ga yaɓe ba?"

"Sai zango mai zuwa, Baba."

"Hm," ya ce. Muka ci gaba da tafiya.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Innata ta tarbe ni da kuka, na kasa gane na murna ne ko na abin da ta ji. Washegari da hantsi Baba ya sa aka fito da shi tsakar gida, aka jingina shi da bango yana fuskantar rumbun. Ga shi nan tsaye, sumul, ya sha yaɓe, ya fi na kowa kyau a unguwar. Ya ce in ɗauko tsani.

"Hau ka ɗauke jinkar. Mi ya rage a ɓoye?"

Na ce, "Baba, ba na leƙa rumbunka."

"Ka riga ka leƙa. Hau."

Na hau. Na ture jinkar gefe, rana ta faɗa ciki. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin cikinsa ba. An share shi tas, ko ƙaiƙayi babu, sai sawun tsintsiya a ƙasa. Na daɗe a wurin, hawaye na ɗiga a bakin rumbun.

Daga ƙasa na ji muryarsa. "Haka yake a takardarka?"

"Haka yake, Baba."

"To ka iya," ya ce. "Sauko a hankali, tsanin ya tsufa."